Kurciyar da Na Kama da Kwandon Wanki

Shekarun baya, zamanin da muke aika saƙo gida a kaset, muke kuma kankare katin waya da farce kafin mu ji muryar namu, wani abu ya faru da ni a nan Greensboro wanda ban taɓa ba da labarinsa a fili ba. Yau na ga babu laifi in faɗa. Waɗanda abin ya shafa sun yafe mini, wasunsu ma sun riga mu gidan gaskiya.

A lokacin shekarata takwas rabona da ƙauyenmu, can arewa da Maradi. Ina zaune a gidan haya na bene bayan titin Wendover, ni da abokina, mutumin zangon Kumasi, wanda kowa a bakinsa "Masa" ne, wato maigida, babba da yaro. Muna aiki a wani babban sito, muna sauke kwalaye daga manyan motoci. Shi yake da mota, shi yake kai mu, shi yake dawo da mu. Ban bar mata a gida ba, aurena na fari ya mutu tun kafin in taso. Waɗanda na bari su ne mahaifiyata da yayana, wanda take zaune a gidansa. Shi ne ɗan fari, ni ne auta.

Akwai abin da na ɓoye wa kowa a garin nan, har abokin da muke cin tuwo a kwano ɗaya: ban iya karatu ba. Ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, allon ma ban yi nisa ba aka tura ni kiwo. A wurin aiki launin takardar da aka liƙa wa kwali nake dubawa, da siffar lambobi. Idan aka miƙo mini takarda sai in shafa aljihu in ce na manta tabarau a gida. Ban taɓa mallakar tabarau ba a rayuwata.

Zuwana ƙasar nan ma bayan wani na biyo. Maigidana na lokacin, mai fataucin kayan fata, shi ya cike kowace takarda tun daga Yamai, ni dai idona yana kan bayan rigarsa har muka sauka. Daga baya ya koma gida ya bar ni. Allah ya taimaka takarduna suka fito a shekara ta biyar, katin zama yana aljihuna, babu hukumar da ta hana ni zuwa ganin gida. Amma duk lokacin da na tuna filin jirgi, da allunan nan masu rubutu ko'ina, da ƙofofi barkatai, sai in ɗage tafiyar.

Kuma akwai hoto. A shekarata ta farko na ari taye, na zauna a kujerar shugaban aikinmu lokacin da ya fita cin abinci, na riƙe alƙalami, kwamfuta a gabana, wani ya ɗauke ni. Na aika gida. Mahaifiyata ta rataye shi a bango. Daga nan ƙauye ya yanke hukunci cewa Auta ya yi boko a Amurka, aikin ofis yake yi. Ban ce haka ne ba, ban kuma ce ba haka ba ne. Kowane kaset da ya zo sai an ce mutane suna ajiye takardunsu sai na zo na duba, maigari ma yana jira in rubuta wa gwamnati takardar neman rijiyar burtsatse. Ni kuwa kowace shekara sai in ce baɗi in Allah ya yarda.

Wata Juma'a bayan an idar da salla, wani Alhaji da ya dawo daga gida ya miƙo mini ƙunshi. Akwai kilishi, akwai kuka, akwai kaset, da wata 'yar laya da aka ɗinke da jar fata, ba ta kai kan ɗan yatsa ba. Da muka isa gida na sa kaset ɗin ina yagar kilishi.

"Auta, ni ce," in ji muryar mahaifiyata. "Ka buɗe kunne da kyau, ko da yake an ce mai irin lalurarka kunnensa yana ji, zuciyarsa ba ta ji. Na gano abin da ya hana ka zuwa. Kurciya aka yi maka."

Na ajiye kilishin. Duk wanda ya tashi a ƙasarmu ya san wannan magana. An ce idan ana so a raba mutum da garinsu, sai a yi aiki a ɗaura wa kurciya a sake ta. Yadda take tashi daga wannan itace zuwa wancan, haka mutumin zai yi ta yawo, ko ya so komawa gida ƙafarsa ba za ta kai shi ba.

Ta ce ta je wurin wani malami a wani gari, ya duba, ya ce an yi aikin da tsuntsu, a ƙofar gida, ranar tafiya, kuma na gida ne ya yi. Da ta dawo ta faɗa, sai matan unguwa suka tuna. Ai sun gani da idonsu. Ranar da zan tafi suna dawowa daga rijiya, suka ga yayana a ƙofar gida ya saki kurciya. Dalili kuma ba a nesa yake ba: gonar fadama da mahaifinmu ya bar mana mu biyu, wadda shi kaɗai yake nomawa yanzu.

"Na bar masa gidansa," ta ce. "Ina wurin kawunku. Ba na cin abincinsa, ba na amsa gaisuwarsa. In na mutu a haka, ban yafe masa ba."

Sannan ta yi bayanin layar. In kama kurciya a inda nake, da rai, in ɗaura mata layar a ƙafa, in juya fuskarta gabas in sake ta. Ita za ta karya waccan.

Matan nan ba su yi ƙarya ba, yayana ya saki kurciya a ranar. Ya kama ta ne da tarko a masussuka, ya ajiye ta a ɗan keji na kara. Da asubar da zan tafi na gan ta tana buga kai a jikin karan, sai ta ba ni tausayi. Ni da bakina na ce, "Yaya, sake ta mana, ta zama sadakar hanyata." Ya yi dariya ya ce ashe yau miya ba nama, ya buɗe kejin. Mu biyu kaɗai muka san yadda aka yi.

Na aika saƙo wurin mai shagon waya na garin da muke cin kasuwa, aka kawo mahaifiyata a amalanke ranar kasuwa. Na kankare kati na kira.

"Inna, ni na sa shi ya sake ta. Wallahi ni na roƙe shi."

"Haka aka ce za ka ce."

"Inna, babu wanda ya yi mini komai. Lafiyata lau."

"To me ya hana ka zuwa?"

"Aiki ne ya yi yawa, Inna."

"Shekara takwas? Kai da ko kasuwa ka je sai ka dawo ka ci tuwona? Ɗan da na haifa ba zai yi haka da hankalinsa ba. Ka kama tsuntsuwar nan kawai."

Duk abin da na faɗa sai ya zama ƙarin shaida. In na kare yayana, kurciyar ce take magana. In na yi shiru, kurciyar ce ta rufe mini baki.

Kasuwa ta gaba na sa aka kira yayana. Mutum ne mai ƙarancin magana tun muna yara. Muka gaisa, ya tambayi aiki, ya tambayi sanyi. Na fara rantse-rantse cewa zan yi kaset in bayyana wa kowa.

"Auta," ya ce, "bar kaset. Yanzu shekara ɗaya da rabi ke nan, tun kafin a aiko maka da saƙo, in na shiga masallaci sahun da nake ba ya cika da wuri. Wannan duk zan iya ɗauka. Amma tsohuwar nan ta fara manta inda ta ajiye carbinta. Kada ta tafi da maganar nan a bakinta. Ka zo kawai."

Na ce to. Na ajiye waya. Kuma maimakon in nemi tikiti, sai na tafi shagon kayan Afirka na sayo gero.

In kun tambaye ni dalili, ba ni da amsa mai kyau. Kama tsuntsu ya fi mini sauƙi a kan filin jirgi, shi ke nan. Na ce wa kaina in na yi abin da ta ce, hankalinta zai kwanta, ni kuma in samu lokacin yin tunani.

Kurciyoyin garin nan sun ɗan bambanta da namu. Wutsiyarsu ta fi tsawo da tsini, kuma in sun tashi fukafukansu suna yin wani ɗan fito. Amma kukan, musamman da sassafe, in ka rufe ido sai ka rantse a gindin gawo kake. Suna da yawa a kan wayoyin lantarki na bayan gidanmu. Ranar Lahadi da hantsi na ɗauki kwandon wanki na roba, da guntun sanda, da igiyar shanya, na sauka ciyawar bayan gida. Na tokare kwandon da sanda, na zuba gero a ƙarƙashi, na ja igiyar na ɓuya bayan motar abokina.

Shi kuwa ya fito baranda da kofin shayi.

"Masa, kana da katin zama, kana da aiki, yanzu kuma ka zama maharbi? In yunwa ce ka faɗa, akwai kaza a firji."

"Yi shiru mana, za ka kore su."

"Ni zan kore su? Su da suke kallon ƙaton mutum da furfura a gemu ya tsuguna bayan Toyota?"

Lahadi ta farko kurege ne ya cinye geron, yana ci yana kallona. Ta biyu wasu baƙaƙen tsuntsaye suka zo da danginsu. Haƙuri dai ina da shi, ko a kiwo an san ni da wannan. A Lahadi ta uku wata kurciya ta sauko, ta yi ta zagaye tana gyaɗa kai, ta shiga. Na fizgi igiya, kwando ya kife.

Na zura hannu na kamo ta. Ba ta da nauyi ko kaɗan, ƙirjinta yana bugawa a tafin hannuna kamar zai fashe. Abokina ya sauko da gudu, na ba shi layar da zare ya riƙe. Ya jujjuya ta a hannu. Dama ya ji kaset ɗin tun ranar farko.

"Masa, tsaya in tambaye ka. Ka yarda yayanka ya yi maka wani abu?"

"Ko kusa."

"To mene ne kake shirin kwancewa?"

Sai muka ji ƙofa ta buɗe da ƙarfi. Maƙwabciyarmu ce ta ƙasa, wata dattijuwa baƙar fata 'yar ƙasar nan, wadda ta yi aiki a masaƙa har ta yi ritaya. Mama muke ce mata. Ta fito da kayan zuwa coci, da hula da jaka, tana nuna ni da ɗan yatsa.

"Kai! Me kake yi da tsuntsuna?"

Turancin baki ina ji, na sito ne amma yana kai ni inda zan je. Na ce ba yanka ta zan yi ba. Ta ce in zo in gani. A barandarta akwai tukunyar furanni da ta rataye, a ciki ga 'yar sheƙa ta tsinke kaɗan, da ƙwai biyu farare, wata kurciyar tana kwance a kai.

"Wannan matar ce," in ji ta. "Ita take kwana a kan ƙwan. Na hannunka mijin ne, yanzu ne lokacin da zai karɓe ta ta je ta ci abinci. Ya sauko ya karya kumallo kai kuma ka kife shi da kwando. Sati biyu ban ba furannin nan ruwa ba don kada in dame su. Kakata ko jifar tsuntsun nan ba ta yarda a yi ba. Shi ya kawo wa Nuhu ganye bayan ruwan tsufana. Ba a gaya muku ba a can?"

Na ce an gaya mana. Na ce mu har mun ji daga malamai cewa irinsa ne ya yi sheƙa a bakin kogon da Annabinmu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɓuya lokacin hijira, masu nemansa suka ga ƙwai suka juya.

"To ka ji," ta ce. "Kuma doka ma ta hana. Tsaya."

Ta shiga ta fito da wani littafi mai hotunan tsuntsaye, ta buɗe, ta kai shi dab da hancina. "Karanta nan."

Hannuna ɗaya yana riƙe da kurciya. Da ɗayan na shafa aljihu yadda na saba. "Mama, na manta tabarau a sama."

Ta cire nata daga fuskarta, mai sarƙa da 'yan duwatsu masu walƙiya a gefe, ta sa mini da hannunta.

Na tsaya a barandar tsohuwa da tabarau na mata a fuska da tsuntsu a hannu. Rubutun ya ƙara girma, ya fito tar, kowane baƙi da ƙafafunsa. Ban san ko ɗaya ba. Abokina ya fara dariya, sai ya ga fuskata ya haɗiye ta. Daga ƙarshe na ce da Turanci, "Mama, ban iya karatu ba." Sannan na juya na maimaita wa abokina da Hausa, ko da yake ya riga ya ji.

Na buɗe hannu. Kurciyar ta tashi da fiton nan nata, ta sauka a kan waya tana gyara gashinta. Kafin Mama ta dawo daga coci mijin ya koma kan ƙwan, matar ta fita.

Mama ta karɓi tabaranta ta goge shi da gefen riga. Ta ce mahaifinta har ya mutu da alamar giciye yake sa hannu a takarda, kuma babu wanda ya fi shi iya gyaran injin saƙa a garin nan. Ta ce akwai ajin manya a ɗakin karatu na gari ranar Asabar da safe, kyauta, bas yana tsayawa a ƙofarsa. "Ranar Asabar zan ƙwanƙwasa maka. In ba ka buɗe ba zan faɗa wa duk gidan nan abin da na gani yau."

Da muka hau sama abokina ya zauna ya dafe kai.

"Shekara huɗu, Masa. Shekara huɗu ina karanta maka wasiƙun wuta da ruwa ina cewa mutumin nan ya sayi tabarau mana. Na ɗauka rowa ce ta hana ka koyon mota."

Ranar na gaya masa komai, har labarin hoton. Ina magana ina jujjuya layar, a nan ne na ga ramin da na kusa faɗawa. Da na ɗaura ta, sannan wata rana na samu ƙarfin hali na tafi gida, mahaifiyata za ta ce aikin malam ya ci. In aikin malam ya ci, to akwai abin da ya karya. In akwai abin da ya karya, yayana ne ya ɗaura. Da hannuna zan tabbatar masa da laifin har abada. Na sa layar a aljihun jakar tafiya, ɗinkinta yadda ya zo.

Na fara zuwa aji. Akwai mutanen Biyetnam, da na Meziko, da wata mata 'yar Sudan da ta girme ni. Malamarmu ɗalibar jami'a ce, da na yi aure da wuri na haife ta. Na yi sati uku ina faɗa da baƙaƙe biyu masu ciki, ɗaya cikinsa a gaba ɗaya a baya, kullum sai na musanya su. Ranar da na rubuta sunana ba tare da na kalli kati ba, na fita waje na tsaya a bakin titi har bas biyu suka wuce ni.

Sai wani sabon wayo ya zo mini. Na ce bari in dage shekara ɗaya ko biyu, in na ƙware sai in je, hoton ya zama gaskiya, babu wanda zai taɓa sani. Na faɗa wa abokina ina jin daɗin dabarata.

"Madalla," ya ce. "Ka gama firamare, ka yi sakandare, ka shiga jami'ar nan ta gabas. Tsohuwa ai ta yi maka alkawari za ta jira, ko?"

Washegari ya kai ni wurin mai sayar da tikiti.

Wata huɗu da fara aji na tashi. Abin da na iya a lokacin shi ne sunana, da lambobi, da kalmar ƙofa da kalmar fita. Abokina ya rubuta mini matakan tafiyar da manyan baƙaƙe a bayan kwali. A Paris na ɓata sau biyu. Na tambayi wani mai shara, ashe mutumin Mali ne, ya raka ni har ƙofar jirgi. Abin da na yi shekaru ina tsoro ke nan, ya ƙare a tambayar mai shara.

Na sauka a gidan kawu, inda mahaifiyata take. Ta ƙanƙance ƙwarai. Ta shafa fuskata, ta shafa gemuna, tana cewa, "Ta karye. Alhamdu lillahi, ta karye." Na ciro layar na sa mata a tafin hannu. Ta laluba ɗinkin da yatsunta ta ji yana nan. Ta ce ai ko ba a ɗaura ba, addu'ar malam ta isa. Yayana ya zo ya tsaya daga waje, muka gaisa a ƙofar gida. Bai shigo ba.

Kwana biyu da zuwana, da safe, muna zaune a tsakar gida, ita da kawu da masu zuwa sannu da zuwa, sai ga maigari da dattawa uku. Bayan gaisuwa ya ciro wata takarda daga aljihu, an ninke ta har ta yi laushi. Ya ce amsar hukuma ce kan maganar rijiya, malamin lakwal ya karanta musu amma ba su gamsu ba, sun ajiye sai na zo.

Na karɓa. Hannuna ya kama hanyar aljihu da kansa, na tsayar da shi.

"Ranka ya daɗe, ban iya ba. Wata huɗu ke nan da na fara koyon baƙaƙe. Hoton da ke ɗakin Inna kujerar wani ce, tayen ma aro ne. Dako nake yi a can. Abin da ya hana ni zuwa ke nan, tsoron hanya da tsoron ranar nan ta yau. Tun shekara uku da suka wuce nake da damar zuwa. Kurciyar da Yaya ya saki ni na roƙe shi, kuma ita ba ta ɗauki komai ba sai gashin jikinta."

Maigari ya karɓi takardarsa ya ninke a hankali, ya ce Allah ya rufa asiri, dako ma sana'a ce. Suka tashi ɗaya bayan ɗaya.

Mahaifiyata ta juyo wajena.

"Wato da hankalinka," ta ce.

"Da hankalina, Inna."

"Ni ban iya karatu ba, ubanka bai iya ba. Wa ya ce maka takarda muke jira?" Ta dafa bango ta miƙe. "Da kurciyar ce, da ta fi mini sauƙi."

Kwana uku ba ta amsa gaisuwata ba. Na ɗanɗani kaɗan daga abin da yayana ya sha kusan shekara biyu, kuma ni na cancanta. A rana ta huɗu da hantsi ta fito da butarta da tabarmarta a hammata, ta hana kowa ya karɓa mata. Na bi ta a baya daga nesa. Ta shiga gidan yayana. Yana zaune yana gyara ƙotar fartanya. Ta tsaya a kansa.

"Kai, ba a gaisuwa ne a gidan nan?"

Mutum mai jikoki ya saki fartanya ya durƙusa. Ta wuce shi ta nufi ɗakinta tana faɗa cewa an bar mata rufi yana yoyo, damina kuma ta kusa. Ba ta ba shi haƙuri ba, shi ma bai jira ba. Da yamma ya hau ya gyara rufin. A ɗakin ta rasu bayan shekara biyu, kanta a kan cinyarsa, ni ina nan Greensboro.

Na daɗe ina tunanin maganar da ta yi a tsakar gidan kawu. A da ina ganin masu cewa an yi wa wane kurciya jahilci ne kawai yake damunsu. Yanzu ina ganin sau da yawa ƙauna ce da ta rasa inda za ta sa kanta. Uwa ba za ta iya yarda ɗanta yana da ƙafa da kuɗin mota ya ƙi zuwa ba, sai ta nemo masa uzuri. Matsalar ita ce uzurin sai an ɗora shi a kan wani, kuma wanda ya zauna a gida yana noma yana ciyarwa shi ne a kusa. Na ɓoye kunyata a nan, ta je ta faɗa kan mutumin da bai taɓa ƙin yi mini abin da na roƙa ba. Ya ce ya yafe, na kuma yarda. Amma har yau in muna waya na ji ya yi shiru, sai in tuna sahun masallacin nan.

Har yanzu ina zuwa aji. Hausar bokon da nake rubuta muku da ita daga baya na koye ta, a hankali, kuma wannan labarin ya ci mini sati biyu. Idan na ji ana cewa wane ya ɓace a Turai ko Amurka, an yi masa kurciya, ba na gardama da kowa. Lambar wayarsa nake nema. In na samu sai in kira, in gaya masa ni wane ne, in ba shi labarin nan a taƙaice, sannan in tambaye shi me yake tsoro. Mutum uku na kira zuwa yanzu. Biyu sun kashe waya. Na ukun bai kashe ba, ya ce, "Malam, wa ya gaya maka?"